Darasin Gideon

Alisabatu ta goge allon da gefen zanenta, karo na huɗu tun safe.

"Shuɗaɗɗen lokaci," ta ce. "Wato aikin da aka yi aka gama. Na ci. Na sha. Na tafi. Maimaita."

Gideon ya dubi allon, ya dubi kazar da ke tono a tsakar gida. Leɓensa ya motsa. "Ci," ya ce.

"Wa ya ci? Yaushe? Ai akuya ma ta san ci!"

Ba ita ta ƙirƙiro hanyar ba. A wani tsohon littafi ta same ta, rubutun hannu, kowane harafi a tsaye irin na makarantar mishan: a faɗi sunan ƙa'ida, a faɗi ma'anarta, sai misali uku, ba a tsallake ko ɗaya. Ita ɗinki ta iya, ba koyarwa ba. Wata uku ke nan keken ɗinkinta na rufe, matan unguwar Barkin Sale sun koma wurin wata tela.

Dangin Gideon na Paiko sun ba ta zuwa Asabar. In bai haɗa cikakkiyar magana ba, za su tafi da shi ƙauye wurin wani mai magani da ke tsaga ƙarƙashin harshe da aska.

Ran Laraba ya yi jifa da alli. Ran Alhamis ya juya fuska bango, da ƙyar ta ɗura masa kunu. Ran Juma'a ta daka masa tsawa har maƙwabta suka leƙo, sannan ta shige kicin ta yi kukanta.

Asabar da hantsi Shekwolo, wanda dangin suka aiko, ya tsayar da Keke Napep a ƙofar gida.

"Mama, kin yi ƙoƙari. Amma alli ba magani ba ne."

"Ku ƙara mini mako ɗaya."

"Haka kika ce wancan watan."

Ya ɗago Gideon. A bakin ƙofa Gideon ya damƙi ƙyaure da hannun hagu, wuyansa ya kumbura, gumi ya karyo masa.

"Ba... zan... tafi... ba."

Shekwolo ya sake shi a hankali, ya cire hula ya durƙusa. Alisabatu ta zauna daɓas a ƙasa.

Ita ce jimlar farko da mijinta, Hedimasta Gideon, wanda ya shekara talatin da biyar yana koyar da nahawu, ya haɗa tun ranar da ɓarin jikinsa ya shanye.