Sunan da Ban Taɓa Kira Ba

Ranar kasuwar Dutsin-Ma ƙanena ya dawo Kurfi da labarin.

"Yaya, na ji waƙar noman marigayi mijinki a garmaho. Wani ɗan birni ke rerawa, wai tasa ce."

Na tuna baƙon da ya taɓa ɗaukar muryar mijina a gona.

Kafin kaka, har yaran unguwarmu sun koma cewa waƙar ɗan birnin ce. Na tambayi autata sunan babanta, ta tsaya tana tunani.

Ni kuwa, saboda kunya, ban taɓa kiran sunan mijina ba har aka binne shi.

Yanzu kullum kafin in fara daka, sai na kira sunan da ƙarfi don autata ta ji.