Takobin Kara

Bana ma takobin kara bai sauya hannu ba. An yi karawar ranar kasuwar Dungas, kafin manyan 'yan kokawa su shiga fili.

Takobin na raha ne. Abokai biyu suka haɗa shi da karan gero don kwaikwayon takobin ƙasa da ake ba zakaran kokawa, suka ce bibbiyu ake nemansa: wanda ya gaji ya tafa hannun ɗan'uwansa ya karɓe shi. Shekara da shekaru suna riƙe da shi, gari na dariya. Sai ƙaramin ya bi hamada zuwa Aljeriya, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Bana babban ya shiga fili shi kaɗai yana ɗingishi. Samari biyu suka yi ta juya shi, can suka zube da kansu. Ba wanda ya yi dariya.

"Haba, wannan tsohon ya kayar da ku?" in ji wani ɗan kallo.

Saurayi ɗaya ya kakkaɓe jikinsa. "Inna ce ta roƙe mu mu faɗi, uwar wanda ya tafi. Ta ce nan kaɗai ake kiran sunansa ba a ƙara da Allah ya jiƙansa ba."

Mai shela ya kira sunayen zakarun biyu. Ɗaya ya amsa.