Ruwan Sanyi ga Kifayen Baba

Ranar, zafin Umdurman ta Sudan ya kai ko ƙofar ƙarfe ba ta taɓuwa. Ina shekara takwas. Na tsaya gaban akwatin gilashin da Baba yake kiwon jajayen kifayensa biyu a ciki, sai tausayinsu ya kama ni. A gidanmu, duk wanda ya shigo da rana, ruwan sanyi ake fara miƙa masa. Don haka na kwashe rabin ruwansu, na juye musu kwalabe huɗu daga firij.

Ban gama mayar da kwalaben ba babban kifin ya kwanta ta gefe. Ƙaramin ya nutse ƙasa, bakinsa na buɗewa yana rufewa.

Baba ya dawo daga sallar azahar. Ya tsoma yatsa a ruwan, ya zare da sauri. Bai yi faɗa ba.

"Ya bitti, 'yata, me kika zuba musu?"

"Zafi suke ji, Baba."

Ya jawo bokitin ruwan da ya kwana a tsakar gida, yana ƙara musu kofi-kofi. Ina tsugune, idona kan bakin ƙaramin, har aka kira la'asar. Sannan ya kaɗa wutsiya. Babban bai sake motsi ba.

Baba ya ɗora shi a tafin hannunsa, ya ce, "Ba kowane baƙo ake tarba da ruwan sanyi ba."

Yau 'ya'yana uku. Amma duk lokacin da na zabura zan yi wa wani alheri, sai in ji sanyin kwalbar nan a hannuna, in dakata.