Gida Mai Jar Akuya

Ja'afar bai gama sauka daga mashin ba, tsohuwa Kyauta, maƙwabciyar innarsa a Tamawa, ta tare shi da guɗa.

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan! Allah ya ba ka masu yi maka!"

Ya amsa da amin yana hura hanci. Lallai labarin sabon kwanon da ya sa aka rufa wa Inna ya zaga gari. Daga shagonsa na Dutsin-Ma ya turo kafinta, ya yi masa kwatance ta waya: gidan da aka ɗaure jar akuya a ƙofa.

Yana shiga gida ya iske Inna tana jera tukwane a tsakar ɗaki, ga hadari ya haɗo. Ko gaisuwarsa ba ta amsa ba. Ya ɗaga kai, sai ga tsohon rufin nan, duk huji.



"Inna, ina jar akuyarki?"

"Mai ɓarnar nan? Tun wancan mako na sayar wa Kyauta."

Ta miƙo masa bokiti.

"Ungo, tari ruwa. In ka gaji, ka je gidan sabuwar uwarka ka fake."