Takardar da Ba Ta Ƙetare Kogi Ba

Ran Talata, sha ɗaya ga Nuwamba, da ƙarfe goma saura kwata na safe, gwamnatoci biyu da kogi ya raba suka sa hannu a kan magana ɗaya: duk mai tarin fuka da ya fara shan magani a wannan gaɓa, in ya ƙaura waccan, takardarsa ta bi shi, a ci gaba da ba shi ƙwaya har wata shida su cika. A wurin taron akwai wani tsohon malamin asibiti daga gaɓar yamma, shekara ashirin da shida yana wannan aiki. Yana zaune a layi na uku ya ji an kira takwaransa na gabas, wanda shi ya koya wa riƙon allura, aka yaba masa, aka miƙa masa makullin sabon babur. Ya tafa tare da jama'a, sau biyu. Ya shiga kwale-kwale ya koma gida. Abin da ke cinsa shi ne, masunta a hannunsa suke fara magani da damina, lokacin da suke tofar da jini, shi ke shaƙar numfashinsu. In ruwa ya janye sai su bi kifi gabas, su ƙarasa a can, a ce wancan ne ya warkar da su.

Ba a yi mako biyu ba wani masunci ya zo, watansa uku da fara magani, ya ce, "Malam, gobe za mu ƙetare. An ce akwai takardar da za ka ba ni." Takardar tana aljihun tebur, har an buga mata hatimi. Tsohon ya ce, "Wace takarda? Ni na faro ka, ni zan ƙarasa ka. Ka riƙa zuwa ran kasuwa." Masuncin ya zo kasuwa ɗaya, ya zo ta biyu. Ta uku kifi ya yi yawa, tari kuma ya lafa, sai bai zo ba. A gabas babu wanda ya san da shi balle ya neme shi. Haka aka yi da mutum bakwai kafin bazara.

Da ruwan farko masuncin ya dawo, ƙasusuwan wuyansa a waje. Ya sauka a zauren tsohon don ya kusanci magani. Aka mai da shi kan ƙwayar da ya bari, amma ciwon ya riga ya saba da ita, ba ta yi masa komai ba. Matar malamin ce ke kai masa kunu safe da yamma, a zauren da ba shi da taga. Ya rasu kafin a yanke gero, ita kuma ta fara tari. Na'urar da ke gane irin wannan tari mai taurin kai tana gabas. Tsohon da hannunsa ya cika takardar matarsa, ya sa matar a kwale-kwale suka ƙetare. Takwaran ya tarye su a bakin ruwa da babur ɗin nan, ya durƙusa ya ce, "Haba Baba, ai da aike ka yi, da na zo da kaina." Matar ta rayu, kuma har yau duk inda ta zauna malamin gabas take sa wa albarka. Da gwamnatocin suka bincika yadda mutum bakwai suka ɓace tsakanin gaɓa biyu, sai suka mai da aikin tari gaba ɗaya gabas.

Waɗanda suka rage a ɗakin shan magani na gaɓar yamma su ne tsohon malamin, da kurman maigadi, da matar masuncin da ke zuwa kowace ran kasuwa ta zauna a benci, da takardu bakwai masu hatimi a aljihun tebur. Tun da daɗewa Hausawa suka faɗa: hassada ga mai rabo taki ce.