Koriyar Fitila a Ƙirjin Laure

Tun da aka maƙala wa ma'aikata fitilar ladabi a ƙirji, babu mai musu da na gaba. In ta yi ja sau uku, kora ce. Laure, mai gwaji a kamfanin ruwan leda, tana da ja biyu, ga shi ta ga ƙwayar kwalara a ruwan yau.

"Ƙanwata, ki gai da manaja kawai ki fito," in ji Tanimu direba. "Mun riga mun yi lodi."

Ta shiga ofishin manaja, ta rusuna.

"Ranka ya daɗe, ruwan nan..."

Fitilar ta koma ruwan ɗorawa.

"Lafiya dai ko?" Ya fasa leda ɗaya da haƙori.

"Lafiya ƙalau, yallaɓai."

Ta tsaya tana kallon maƙogwaronsa yana motsi, fitilarta koriya shar.