Miya Mai Santsi a Ranar Tantancewa

Ran da ɗalibar gidanmu ta shiga ajin farko na babbar sakandare, tun ba ta dawo gida ba na riga na manna jadawalin shekara uku a ƙofar firji. Jan biro na jarrabawa, shuɗi na littattafan da za ta karanta, kore na aikin sa-kai. Matata Mi-gyeong ta tsaya ta ƙare masa kallo, ta ce da wannan shiri ko firjin ma sai ya samu jami'a.

A garinmu Daegu ba a jira sai shekarar ƙarshe. Duk abin da ɗalibi ya yi malamai na rubutawa a kundinsa, kuma shi jami'a ke fara dubawa kafin ta kalli fuskarsa. Na daɗe ina yi wa matan unguwarmu dariya, masu yawo da takardu a jaka suna gulmar makin 'ya'yan mutane. Ashe duk na fi su ciwon.

Makarantar ba ta kiran taron iyaye, amma ni kowane ƙarshen zango sai na saka kwat na je. Malama Gwak, mai kula da ajinsu, har ta gane ƙarar takalmina.

"Malam Pyo," ta ce mini wata rana, "ɗaliba Yeom Bok-rye ba ta da matsala. Kai ne ya kamata ka riƙa samun barci."

Na rubuta wannan ma a littafina, don na saba rubuta duk abin da malami ya faɗa.

Ita kuwa ɗalibar, adabi take so ta karanta, ba ta son jin wani abu daban. Kuma tun farko ta gindaya sharaɗi: sau ɗaya za ta nema, a jami'a ɗaya, wadda bas ke kaiwa daga ƙofar gida. In ba a ɗauke ta ba, an rufe maganar har abada. Na san halinta, in ta ce an rufe to an rufe. Na kuma san tsawon lokacin da ta yi tana son abin nan a ranta, shi ya sa tsoro ya kama ni sosai.

Sai na bi na takura wa kowa. Na sake mata tabarau. Na sayo tsimin saiwa mai ɗaci na ƙarfin ƙwaƙwalwa, tana sha tana zagina ƙasa-ƙasa. Na ɓoye na'urar kunna talabijin saboda gasar mawaƙan da take kallo, ta gano ta cikin buhun shinkafa kafin awa guda. Kalmomin Turanci ashirin nake ba ta kullum, ta haddace da safe, da yamma su bi iska. Aikin sa-kai na sa ta a gidan kula da tsofaffi, sai ga shi ta yi ƙawaye a can har ba ta son dawowa. Na yi faɗa, ta dube ni sama da ƙasa ta ci gaba da ɓare lemonta. Ba ta taɓa jin tsorona ba.

A haka shekara uku ta cika. Kundi ya yi kyau, aka kira ta tantancewar baka. Na je firji da jan biro zan zagaye ranar, sai hannuna ya tsaya. Ranar ta faɗo daidai da ranar haihuwarta.

A wurinmu kowa ya san ba a bikin ranar haihuwa sai da miyar ganyen teku, wadda mai jego ke sha. Kowa kuma ya san ba a ba mai jarrabawa ita, don santsi gare ta, wanda ya sha sai ya zame. Ni da nake da'awar boko, na kwashe duk busasshen ganyen da ke gidan na kai but ɗin mota. Na sayo alewa mai danƙo da wainar shinkafa mai kama hannu, don sunanta ya manne a jerin waɗanda aka ɗauka. Na gargaɗi Mi-gyeong har sau biyu.

Da safiyar ranar, ƙamshin man riɗi ne ya tashe ni. Na fito da gudu, silifa ƙafa ɗaya. Ga ɗaliba zaune a teburi cikin rigar da na goge mata, ga kwano a gabanta yana tururi, har ta ci rabi. Mi-gyeong ta juya mini baya tana wanke tukunyar da ba ta da datti.

"Maigida, ni ba ruwana," ta ce. "Maƙwabciya ce ta kawo ganyen."

Na ja kujera na zauna, na ce:

"Haba! Shekara uku fa! Yau ɗaya tak ba za a haƙura ba? In aka zame fa?"

Ɗalibar ta ɗaga kwanon da hannu biyu ta shanye romon tas. Ta goge baki, ta gyara tabarau, ta rataya jakarta, ta dube ni ta ce:

"Kai Dong-seok, rufe mini baki ka ɗauko makullin mota. Wata guda cur na yi ina shan miyar nan bayan na haife ka, ban zame ba. Kai kuwa shekara uku a jere ina hana ka ita ranar jarrabawa, kuma duk ukun sai da ka faɗi."